Yadda Aka Ceci Malam Yusha'u

Duk wanda ya saba bin hanyar Zariya da sassafe a wancan lokaci ya san Malam Yusha'u, in bai san sunansa ba to ya san kekensa. Baƙin keke ne mai kariya a baya, kullum ɗaure da littattafan yara da igiyar roba. Yana idar da sallar asuba a Rigachikun sai ya naɗe ƙafar wando ya hau, ya biyo ta Kawo, ya karkata ya nufi Malali, inda yake koyarwa a makarantar firamare. Mil goma zuwa, mil goma komawa, shekara bakwai cur.

Yadda aka yi aka kai shi Malali ba wani dogon labari ba ne. Da ya gama makarantar horon malamai, wani akawu a ofishin ilimi ya ɗaga kai ya dubi taswirar da ke bango, ya ga tsakanin Rigachikun da Malali bai kai faɗin yatsa biyu ba, sai ya rubuta. Shi akawun a Doka yake zaune, taku ɗari ne daga gidansa zuwa ofis, saboda haka ba a ga laifinsa ba.

An sha ba Malam shawara ya kama ɗaki a Malali ya huta. To amma akwai mahaifiyarsa, Inna Delu, wadda idanunta suka soma rauni, ta kuma rantse ba za ta bar gidan da mijinta ya gina ta je ta mutu a ɗakin haya ba. Shi ne ɗanta na fari, shi kaɗai ne kuma namiji. Wasu suka ce ya riƙa shiga mota. Motar Rigachikun kuwa ba ta tashi sai ta cika, ba ta kuma cika sai hantsi ya dubi ludayi, alhali Malam Yusha'u bai taɓa yarda a buga ƙararrawar makaranta ba ya cikin fili ba.

Ana nan sai ga shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta. Aka kwaso yara kamar an buɗe akurki. Aka dubi malamai aka ga Malam Yusha'u ya fi kowa haƙuri, sai aka saka masa da 'yan aji ɗaya su tamanin da huɗu, a ɗakin da aka gina don mutum arba'in. Tsaye yake wuni, don inda kujerarsa take ma yara uku ne suke zaune. In an tashi kuma sai ya tsaya da waɗanda karatu bai zauna musu ba, sai bayan la'asar ya kama hanya.

Gwiwarsa ta dama ce ta fara kai ƙara. Da fari kuka take yi kamar tsohuwar ƙofa, daga baya ta kumbura ta yi kamar gwanda. Matarsa Sa'adiya ta gasa da ruwan zafi, ta shafa man kaɗanya, ta ɗaure da tsumma, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Likita ya latsa ya latsa, ya ce ruwa ne ya taru, kuma ko Malam ya bar keken nan ko ƙafar ta bar shi, ya zaɓa.

Sau uku ya rubuta takardar neman a mayar da shi makarantar Rigachikun, wadda daga ƙofar gidansu ana hango tutarta. Ta farko ta ɓata. Ta biyu aka ce ana dubawa, har ta bi ta farkon. Ta uku ce Allah ya yi wa albarka: tsohon jami'in ilimi ya sa mata hannu saura mako guda a ɗauke shi shi ma a kai wani wuri.

Hedimasta, Malam Jibrin, shi ya kira shi ofis ya rufe ƙofa ya raɗa masa cewa sunansa ya shiga jerin waɗanda za a canza wa wuri, bayan dogon hutu a Rigachikun zai kama aiki. Ya ce amma ya yi shiru tukuna sai takarda ta zo hannu, don baki shi kan yanka wuya. Ko ba a ce ba, Malam Yusha'u ba mai faɗa ba ne. Da wane ido zai dubi iyayen yara ya ce musu shi ya roƙa a raba shi da 'ya'yansu?

A gida kaɗai ya faɗa. Inna Delu ba ta kama sunansa saboda ɗan fari ne, sai ta juya wajen Sa'adiya ta ce, "Ashe malamin nan zai riƙa cin abincin rana a gida kamar 'ya'yan mutane." Washegari ta sa aka ciro wani tsohon akushi na mahaifinsa, aka wanke, aka shafe shi da mai, aka kife a kan rumbu yana jiran ranar.

To, jerin sunayen nan sai an buga shi da tafireta, mai bugawa kuwa wani akawu ne wai shi Audu, mazaunin Malali, wanda 'yarsa Rabi take ajin Malam Yusha'u. Yana cikin bugawa ya zo kan sunan, yatsunsa suka tsaya. Jerin bai ɗauke da dalili, suna ne kawai da inda za a kai mutum. Ita takardar roƙon da Malam ya rubuta da hannunsa tana cikin wani fayil a cikin wani kabad, makullin kabad ɗin kuma ya bi tsohon jami'i a aljihu. Audu bai ko tsaya cin abinci ba, ya nufo unguwa da labari: an jefa Malam ƙauye.

Sai an san mutanen Malali za a gane abin da ya biyo baya. Yawancinsu ma'aikatan gwamnati ne, kuma a saninsu hanyar aiki ɗaya ce tak, daga ƙauye zuwa gari, daga gari zuwa hedikwata. Wanda duk aka ga ya juya ya nufi baya, to ba tafiya ya yi ba, jefa shi aka yi. Kowannensu ya san wani da aka tura bayan duniya don ya manta bai gai da maigidansa ba, ko don ya gyara masa Turanci a gaban mutane. A ce mutum da hankalinsa ya ɗauki alƙalami ya roƙi ƙauye, wannan ko a mafarki ba su taɓa gani ba.

Kwana uku ana tattauna maganar a ƙofar masallaci. Wasu suka ce hedimasta ne yake kishin yadda yara suke son Malam. Wasu suka ce a'a, sufeton da ya zo bara ne, ai an gan shi ya tafi ba ko kaza a bayan motarsa. Har aka samu wanda ya rantse ya san maƙiyin, sai dai ba zai faɗa ba saboda zumunci. Abu guda ne babu wanda ya yi, wato ya tambayi Malam Yusha'u. Ba a tambayar mutum abin kunyarsa, wannan ko yaro ya sani.

Sai dai gaisuwa ta canza. In ya sauka daga keke yana ɗingishi, sai magidanta su riƙe hannunsa su daɗe ba su saki ba, su ce sai haƙuri, Allah yana tare da mai gaskiya. Mata suka shiga aiko masa da kunu da ƙosai. Shi kuwa ya ɗauka ciwon ƙafarsa ake jajanta masa, har ya ce wa Sa'adiya bai taɓa ganin mutane masu lura irin na Malali ba.

Shugaban ƙungiyar iyaye da malamai shi ne Alhaji Abdurrahim, babban ma'aikaci mai ofis da labule a Doka. Yana ganin girman Malam Yusha'u ƙwarai tun ranar da autansa, wanda Malam yake koyarwa, ya tsaya a bayan motarsa ya karanta lambarta ba gargada. Da maganar ta iso gare shi sai ya ce a bar masa. Ya ce shi ya san manya, ba a roƙonsu a ofis, don a ofis kowa zaki ne. A gaban jama'a ake kama babba, a ɗaure shi da yabo ta yadda ba zai iya motsi ba. Saboda haka za a shirya ranar godiya ga malamai, a gayyato sabon jami'in ilimi ya zama babban baƙo, sauran aikin kuma nasa ne. Ya ja kunnen kowa kada maganar ta kai ga malamai, har hedimasta, tunda ba a san ko shi ne macijin ba.

Da ma malamai ba su taɓa ganin an yi musu godiya ba, ba su san tana da nauyi haka ba. Mako biyu ana shiri, su ne kuma masu yi. Su suka share fili, suka shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, suka kafa rumfa. Aka ce ana bukatar waƙar da yara za su yi ta yabon malamai, hedimasta ya ce Malam Yusha'u ya tsara, shi ya kuma koyar da ita. Aka kawo ƙyalle mai rubutun godiya, aka rasa mai hawa tsani ya ɗaura, shi ya hau. Benci sittin aka aro daga makarantar maƙwabta, da kai aka ɗauko su.

Mutum ɗaya ne shirin bai taɓa lafiyarsa ba, Malam Hamisu na aji biyar. Gidansa yana jingine da katangar makaranta, daga kan gadonsa yake jin ƙararrawa, duk da haka shi ne na ƙarshen isowa kullum. In ya iso ya rubuta wa yara aiki a allo, sai ya kifa kai a tebur ya ce kada wanda ya yi motsi. A makon shiri ya naɗa kansa mai duba aiki, ya samu gindin dalbejiya yana nuna inda za a ajiye benci da sanda.

Malam Yusha'u ya ɗauka labarin tafiyarsa ne ya fita, ake shirya masa ban kwana a fakaice. Abin ya taɓa shi. Ya zauna ya rubuta jawabi shafi biyu, yana neman gafarar iyaye, yana bayyana musu halin ƙafarsa da na tsohuwarsa, yana gaya musu ba don ya gaji da 'ya'yansu zai tafi ba. Sa'adiya ta wanke masa farar rigarsa ta sallah, aka kai wa mai bugu.

Ranar Asabar aka yi taron. An yi ruwa da asuba, rana ta fito da huce haushi. Manyan baƙi suka shiga rumfa suka zauna a kujerun malamai, iyaye suka cika benci. Malamai kuwa aka jera su a tsaye a gaban rumfa, a fili, don kowa ya ga waɗanda ake karramawa da kyau. Aka zagaya da lemon kwalba da cincin, suka ƙare daidai kan mutumin da ke zaune kusa da malamin farko.

Aka buɗe da addu'a, aka gabatar da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya da muƙamansu da muƙaman da suka riƙe a da. Yara suka yi waƙa. Mutum biyar suka yi jawabi a kan muhimmancin hutu da lafiyar malami, mafi gajarta a cikinsu ya ci rabin awa. Malam Yusha'u ya mayar da nauyinsa kan ƙafar hagu, ya kuma mayar, har ita ma ta soma tambayar laifin da ta yi. Malam Hamisu tuni ya sulale ya koma gindin dalbejiyarsa.

Sannan Alhaji Abdurrahim ya karɓi lasifika. Ya fara da malamai baki ɗaya, ya ce su ne gishirin ƙasa, su ne katangar da kowa ya jingina ya yi tsawo. Daga nan ya gangaro kan mutum ɗaya. Ya ba da labarin lambar mota. Ya ce akwai bawan Allah a cikin filin nan da yake taka keke mil ashirin kowace rana saboda tsabar ƙaunar 'ya'yan Malali, ruwa bai hana shi ba, rana ba ta hana shi ba. Malam Yusha'u ya sunkuyar da kai, ya shafa aljihun da jawabinsa yake.

Sai muryar Alhaji ta sauka, ya juya ya fuskanci babban baƙo.

"Ranka ya daɗe, mun ji abin da aka ƙulla kafin zuwanka. Ba mu kama sunan kowa ba, Allah ya san su. Amma irin wannan mutum a ce shi za a jefa ƙauye? In ya yi laifi, mu iyaye mun ɗauka a kanmu. Ga yara nan, ka dube su."

Da ma an shirya yaran. Su tamanin da huɗu suka miƙe, Rabi 'yar Audu tana gaba, ta buɗe baki ta fashe da kuka, nata kuma na gaske ne, don ba wanda ya gaya mata Malam zai tafi sai yanzu. Sauran suka kama.

Sabon jami'in nan watansa guda a kujera, bai san Malam Yusha'u ba, bai san Rigachikun ba. Abin da ya sani shi ne mutum ɗari uku suna kallonsa, cikinsu har da waɗanda suke gaba da shi a aiki. Ya miƙe ya gyara hula. Audu ya matso da fayil, da ma ya zo da shi, buɗe a daidai shafin. Jami'i ya zaro jan biro daga aljihu, ya ɗaga shi sama kowa ya gani, ya ja layi a kan sunan, ya sake ja. Ya ce muddin yana kan kujerar nan babu mai taɓa wannan malami, a Malali yake, a Malali zai yi ritaya.

Fili ya ɗauki tafi, mata suka rangaɗa guɗa. Hedimasta ya buɗe baki, ya dubi jan biron, ya tuna shi ma yana da suna a wani fayil, ya mayar da bakinsa ya rufe.

Aka kira Malam Yusha'u gaban rumfa. Alhaji ya rungume shi, ya miƙa masa takardar yabo a cikin gilashi, sannan ya ɗauko wani ɗan ƙunshi ya kwance da kansa. Sabuwar ƙararrawar keke ce, tana walƙiya. Ya ce iyaye sun lura tsohuwar ta dushe, ga wannan don a ƙarfafa masa gwiwa ya ci gaba da zuwa. Aka sa masa lasifika a hannu.

Ya sa hannu a aljihu ya taɓa takardar jawabinsa. Ya dubi Alhaji, ya ga dattijo yana share ido da bakin riga. Ya dubi jami'i, wanda ya riga ya yi rantsuwa a gaban jama'a. Ya dubi Rabi, majina har baki, tana murmushi. In ya karanta abin da ya rubuta, ya tsinka mutum ɗari uku a rana ɗaya, kuma dukansu alheri suka nufa. Ya zare hannunsa daga aljihu babu komai a ciki.

"Na gode," in ji shi. "Allah ya saka da alheri. Allah ya bar zumunci."

Aka ce kai, dubi tawali'u, ko maƙiyansa bai ambata ba. Da taro ya watse baƙi suka shiga motoci, malamai suka mayar da benci sittin inda suka aro su.

Da ya isa gida ya ba da labari a taƙaice. Sa'adiya ta shige ɗaki. Inna Delu ta ce a miƙo mata abin da aka ba shi. Ta shafa gilashin ta ajiye, ta laluba ƙararrawar ta kaɗa sau biyu, ta saurara.

"Tana da murya," ta ce. "Sa'adiya, a mayar da akushin nan ɗaki kada rana ta fasa shi."

Wannan maganar ce ta hana shi sukuni har ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ranar Juma'a bayan an sauko ya tafi gidan Alhaji Abdurrahim. Aka shigar da shi falo, aka kawo abinci. Sau uku yana ɗauko zancen takarda, sau uku Alhaji yana ɗaga hannu yana cewa kada ya gode masa, don Allah ya yi. A na huɗu Malam ya ajiye cokali, ya naɗe ƙafar wandonsa har sama, ya kwance tsumman. Gwiwar ta yi bayani da kanta.

"Alhaji, ba wanda ya jefa ni. Ni na roƙa, har sau uku na rubuta takarda. Likita ya hana ni keke, tsohuwata kuma idonta yana tafiya."

Alhaji ya daɗe yana kallon gwiwar.

"Malam, me ya hana ka faɗa?"

"Ba a tambaye ni ba, ranka ya daɗe."

Alhaji ya yi salati a hankali. Ba mugu ba ne, abin ya dame shi har ya kasa ƙarasa abincinsa. Amma da ya gama damuwa sai ya shiga bayani. Ya ce jami'i ya yi rantsuwa a gaban jama'a, in aka koma masa yanzu an mai da shi abin dariya, shi da ƙungiya gaba ɗaya. Mutane kuma za su ce maƙiya sun yi nasara. Ban da haka ma gurbin Rigachikun an riga an cike shi: jami'i ya ce tunda an ceci na kirki, a kawo masa sunan wanda ya cancanci ƙauye da gaske, hedimasta kuma bai yi dogon tunani ba. Alhaji ya ce Malam ya ƙara haƙuri maganar ta kwanta, shekara biyu ko uku, ko a canza jami'in. Ya raka shi har ƙofa, ya riƙe masa keke ya hau, ya kuma yaba yadda ƙararrawar ta zauna.

Da aka dawo hutu iyaye suka roƙa Malam Yusha'u ya bi yaransa zuwa aji biyu, aka amince. Malam Hamisu kuwa, da yake sunansa hedimasta ya bayar, ya sayi keke na hannu. Matarsa ta ce ba inda za ta, ita 'yar gari ce, saboda haka daga Malali yake tasowa kowace safiya ya nufi Rigachikun. A wajen Kawo suke haɗuwa, wannan a hannunsa wancan a nasa, ɗaya ya fito daga inda ɗaya za shi. Malam Yusha'u yakan kaɗa masa ƙararrawa, shi kuma ya ɗaga hannu, don nasa keken ba shi da ita.

Da yamma sukan tsaya a gindin wani mangwaro su sha iska. A nan Malam Yusha'u ya ji cewa Inna Delu ta samu labarin akwai abokin aikin ɗanta a makarantar garin, ba shi da mai ba shi abinci, ta aika aka kira shi. Yanzu kullum da azahar a zaurensu yake cin tuwo, a cikin wani tsohon akushi mai kyau, ya ɗan kishingiɗa kafin ya kamo hanya.

"Inna ta ce a gaishe ka," in ji Malam Hamisu wata ranar Alhamis, yana sakace. "Ta ce ka riƙa cin abinci. Miyar kuka aka yi yau, da man shanu."

"Ina amsawa."

"Kai ma dai Malam, kai ka ja wa kanka. Ni da na yi shekara shida ina barci ga shi an kai ni garinku. Ka samu wata uku ka kifa kai a tebur, wallahi da mota za a kai ka gida."

Malam Yusha'u ya yi dariya ya ce Allah ya shirye shi. Amma maganar ta bi shi har Rigachikun, ta kwana da shi, ta wuni da shi Lahadi ana gasa masa ƙafa.

Ranar Litinin ya shiga aji, ya rubuta lissafi biyar a allo, ya tashi yaran da ke kan kujerarsa, ya zauna. Ya ce kada wanda ya yi motsi. Ya kifa kai a tebur kamar yadda ya sha gani ana yi, ya rufe ido, zuciyarsa tana bugawa kamar wanda ya shiga gonar wani.

Ajin ya yi tsit, irin shirun da bai taɓa samu ba ko da bulala a hannu. Can sai ya ji iska tana taɓa masa wuya. Rabi ce ta zo tana yi masa fifita da littafinta. Wani ya cire hularsa ya kore masa ƙuda. Daga baya can ya ji wani ƙaramin yaro yana raɗa wa na kusa da shi cewa bakwai a tara da biyar goma sha uku ne, na kusan kuma ya ce haka ne.

Ya yi ƙoƙari, Allah ya sani. Ya ƙirga numfashinsa har ashirin. Sannan ya ɗago kai ya ce wa yaron ya kawo duwatsunsa a ƙirga tare.

Kafin magariba labari ya gama Malali cewa aiki ya kayar da Malam Yusha'u a cikin aji, amma ko minti biyar bai yi ba ya tashi ya ci gaba. Audu ya ce a duk ofishinsu ba a taɓa jin irin wannan sadaukarwa ba. Aka taru a ƙofar masallaci, aka ce mutum irin wannan godiyar shekara-shekara ta yi masa kaɗan. Alhaji Abdurrahim yana jan carbi, ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, sai aka tambaye shi ko zai sake shugabantar kwamiti, ya ce to.

Ranar Laraba hedimasta ya tara malamai ya sanar da su cewa iyaye sun sa ranar godiya ta biyu, ƙarshen wata, kuma wannan karon benci tamanin za a aro.